Shafin Bakin Mai Ciwo

Ranar Litinin da safe aka gano kwalabe goma sha ɗaya na maganin kashe zafi sun yi ɓatan dabo a asibiti. A kwamfuta komai daidai: marasa lafiya sun koka, an ba su. Da aka buga musu waya kuwa, ko kwalbar ba su gani ba.

Da sunan Sista, ma'aikaciyar jinya, aka shigar da koken, a shafin da ake rubuta abin da mai ciwo ya faɗa da bakinsa. Shekara biyu ta yi tana naci kafin a buɗe shafin nan. Shugaban asibiti ya ce in laifin ya tabbata, ita da shafin duk waje.

Sufeton da aka turo bincike, wata doguwa marar son surutu, ta fara da Sista.

"Wa ya san lambar sirrinki?"

"Ba kowa. Sai dai ina barin kwamfutar a buɗe in na raka tsofaffi bakin ƙofa."

"Sakaci ke nan."

"Na yarda, ranki ya daɗe. Amma ban yi sata ba."

Likita ba shi ciki, yana hutu duk makon. Mai shara ba ta iya karatu ba. Mai ba da magani, wanda tagarsa ke kallon ɗakin Sista, ya ce shi abin da ya gani a rubuce yake bayarwa.

Sufeto ta ja kujera ta karanta shafi ɗari biyu, ɗaya bayan ɗaya. Da la'asar ta tara su.

"Sista, me kike tambayar mara lafiya?"

"Yaya jiki. Kowa sai ya ce da sauƙi, ko da yana hawaye. Ina rubutawa haka. Sai in ce, Baba, me ciwon ya hana ka yi?"

Sufeto ta karanto: "'Da sauƙi. Amma na kasa taka keken ɗinki.' 'Da sauƙi, sai dai jikata ta miƙo hannu na kasa ɗaukarta.' Duk haka suke, sai goma sha ɗayan nan. 'Ina fama da matsanancin ciwo, ina buƙatar magani mai ƙarfi.' Haba! Wane tsoho ne ke magana kamar takarda?"

Ta juya ga mai ba da magani. "Wanda ya rubuta wannan bai taɓa zama ya saurari mai ciwo ba. Ta taga yake ganinsu, ta taga yake ganin Sista ta fita. Buɗe mana jakarka."

Kwalabe huɗu suna ciki.

Shugaban asibiti ya yi ta kame-kamen ba da haƙuri. Sista kuwa alfahari ya cika ta, har idonta ya kawo ruwa.

"Ni ban kare kaina ba, Yallaɓai. Marasa lafiyar nan su suka tsaya mini."

Ta kulle kwamfutarta, ta leƙa layi ta ce, "Mama, shigo. Yaya jiki?"