Igiya a Kan Gawon Malisa

Da la'asar ɗin wata Asabar aka buɗe bikin nuna finafinan hawan duwatsu a wani zaure da ke Kalgo. Rilwanu, malamin firamare, shi ya fara isa. Shekara shida ke nan duk hutu yana tafiya duwatsun Zuru da igiyarsa da ɗamararsa.

Ana cikin kallo ƙafar wani mai hawa ta zame, igiya ta riƙe shi yana lilo. Zaure ya ɗauki tafi. Wata ɗaliba ce kaɗai ba ta tafa ba; ta miƙe ta fita tana share ido da gefen hijabi. Rilwanu ya bi ta.

"Malama, lafiya? Ai bai mutu ba."

"Na gani. Wannan igiyar, ana samunta a ƙasar nan?"

"Ina da irinta a ɗaki."

"Ashe akwai ta," ta ce a hankali. "Yayana daga kan gawo ya faɗo bara, yana sarar wa shanunmu ganye."

Sunanta Surayya, 'yar Fulanin Malisa ta wajen Gwandu. Daga ranar wayarsu ba ta huta ba.

"Ɗan Dutse, yau kana ƙasa ko kana gasa da birai?"

"Ina ƙasa, sanyin idona. Ke kaɗai nake hange daga nan."

Da manyansa suka je neman izini, mahaifinta Malam Atiku ya saurare su har ƙarshe, sannan ya ce, "Da hannuna na wanke wanda ya hau don dole. Ba ni bada ɗiyata ga wanda ka hawa don marmari."

Rilwanu ya rantse mata ya daina. Ya cire sunansa daga tafiyar duwatsun Mambila da masu bikin suka shirya, tafiyar da ya daɗe yana mafarki. Ya tura igiyar ƙarƙashin gado. Dattijon bai sauya ba. Wata biyar suka shuɗe, Sadiƙ ɗan baffanta, mai shagon magani a Gwandu, ya fara zuwa gaisuwa, ita kuma ta rame har mahaifiyarta ta daina tambaya.

Rani ya yi tsanani, ciyawa ta ƙare. Wata safiya tana makaranta Sadiƙ ya turo mata hoto: Rilwanu can ƙololuwar itace, ɗaure da igiya. Ta rubuta wa Rilwanu:

"Ka rantse mini. Na iya rasa ka kana raye, amma ba zan iya a kawo mini kai a nannaɗe cikin tabarma ba. Kada ka sake nemana."

Amsarsa gajera ce: "Na karya alkawari. Ba zan kare kaina ba. Ki yafe mini."

Kwana uku tana kuka kafin ta iya sake duban hoton. A nan ta ga guntun reshen da ya karye da yayanta. Gawonsu ne.

Ta hau mota zuwa Malisa. Ta tarar da mahaifinta zaune a gindin itacen, shanu na cin ganye kewaye da shi.

"Baba, me ya kawo shi nan?"

"Roƙona ya zo yi, karo na huɗu. Ya ishe ni bisa reshen farko da adda. Saniya biyu sun kwanta don yunwa, ba ni da mai hawa. Sai ya juya babur. Kafin azahar ya dawo da igiya." Ya daɗe yana kallon ƙasa. "Surayya, ranar da yayanki ya faɗo, ya ce mini reshen ya bushe. Ni na ce shi hau. Ko uwarku ban gaya wa ba. Ba yaron nan nike ƙi ba. Duk na dube shi, muryata nike ji."

Ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa, suka yi kuka tare.

Bayan ƙaramar sallah aka ɗaura aure a Gwandu, a makon da abokan Rilwanu suka tafi Mambila ba da shi ba. Suka turo masa hoton gajimare a ƙarƙashin ƙafafunsu. Ya duba sau ɗaya, ya kife wayar.

"Ɗan Dutse, kana nadama?" amarya ta rubuto daga cikin gida.

"Ina jin zafi, sanyin idona. Nadama kuwa babu."

Da aka shafa fatiha, Malam Atiku ya kama hannun angon da hannu biyu. Ya san rani zai dawo, ya san wanda zai hau.

"Allah Shi yi muku albarka, ɗana," ya ce. "Allah Shi sauko mini da kai kullum bisa ƙafafunka."