Tashi na Talatin

"Enid, kalle ni... Ki dubi idona ki sake faɗa!"

Ba ta kalle shi ba. Hannayenta biyu na kan sitiyarin motar da take kwasar mayaƙan sama zuwa gindin jiragensu, idanunta na kan jiƙaƙƙiyar ciyawar Lincolnshire ta ƙasar Ingila.

"Na ce ba na sonka, Rowland. Tausayinka kawai nake ji."

"Tausayi? Ni kike tausayi, zinariyata?"

"Hau mota, abokanka na jira."

Wanda bai zauna a sansanin jiragen bama-bamai a shekarar 1943 ba, da wuya ya gane abin da ya fitar da wannan magana daga bakinta. Camfi ya girmi jirgin sama. Iyayenmu da suka yi yaƙin duniya na farko ma da nasu suka tafi, da nasu suka dawo. A wancan zamani, duk budurwar da samarinta suka tashi ba su dawo ba, sai a ce farar ƙafa gare ta, a daina neman rawa da ita, a daina zama kusa da ita. Enid Thurlby ta yi rashin saurayi sau biyu. Doreen, mai raba abinci, wadda ta daɗe tana ƙyalla ido a kan Rowland, ita ta tabbatar babu kunnen da labarin bai shiga ba.

Rowland Keane shi ne maharbin da ke zama a wutsiyar jirginsu ƙirar Lancaster, su bakwai ne a jirgin. Ƙa'ida kuwa sananniya ce: wanda ya cika tashi talatin zuwa ƙasar abokan gaba, an ba shi hutu ke nan, ya tafi koyar da sababbi. Tashin wannan yammaci shi ne na talatin ɗinsu.

Da hantsin ranar, Haskett, matuƙin jirginsu, ya sami Enid tana zuba wa motar mai.

"Ƙanwata, ni ban yarda da camfi ba."

"To me ya kawo ka, yallaɓai?"

"Yarana sun yarda. Mai tsoro ba ya ganin hanya. Rai bakwai ne... ki sake shi, ko na yau kaɗai."

"Ba zai saku ba. Kai ma ka san shi."

"To ki sa ya saku."

Abin da ta yi ke nan da yammacin nan a bakin motar. Daga bayan motar, ɗaya daga cikin abokan ya kwaɗa masa kira: "Kai Keane! In ba ka dawo ba, ƙwanka na safe nawa ne!" Aka fashe da dariya. Rowland, wanda bai taɓa barin tsokana ta kwana ba, ya hau motar ya koma gefe shi kaɗai.

Gari na wayewa jirginsu ya sauka, fiffike duk huji, amma su bakwai cif. Enid ta kifa kai a kan sitiyari ta yi kuka har ta gode Allah. Rowland bai shiga motarta ba, da ƙafa ya tako. Sai da rana ta ɗaga ta same shi a bayan ɗakin cin abinci, yana juya kofin shayi.

"Rowland! Ƙarya na yi maka... Wallahi ƙarya ce! Haskett ne ya roƙe ni, ni ma tsoro ya kama ni. Yanzu ka gama, masoyina. Ka gama!"

Ya ajiye kofin.

"Ina ma tun a gindin jirgi kika faɗa."

"Me ya faru?"

"Ina sauka na wuce wurin kwamanda. Akwai jirgin da aka kashe maharbinsa. Na ce a ba ni gurbin, ba na bukatar hutu."

"A'a... Koma! Ka ce ka fasa!"

"In ce musu me? Su ma mutum shida ne, kuma sun riga sun ba ni hannu."

"Don me ka yi haka?"

"Na duba ban ga wanda zan huta dominsa ba."

Ta durƙushe a gabansa. Ya ɗago ta, ya share mata hawaye da hannun rigarsa.

"Daina kuka, zinariyata. Wanda ya yi talatin zai yi hamsin. Amma kafin nan sai kin aure ni, don kada wani ya sake roƙonki."

Mahaifinta, wanda ya bar ƙafa ɗaya a ramukan yaƙin farko a Faransa, ya ƙi da fari. "'Yar nan, na ga zawarawan wancan yaƙi, ba zan ƙera wata da hannuna ba." Amma ranar ɗaurin aure shi ya riƙo hannunta har gaban limamin coci, yana dogara sanda. Doreen ba ta je ba.

Sun ci amarcinsu a ɗan ɗakin haya, a saman shagon mai burodi. Da tsakiyar hunturu aka tura su Rowland kai hari Berlin. Jirgin Rowland bai dawo ba, ba a kuma sami wanda ya ga faɗuwarsa ba.

Bayan yaƙi Haskett ya zo mata gaisuwa, hularsa a hannu. Ta ba shi kujera, ta kawo shayi, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo.

"Sauran fa?" ta tambaya.

"Duk muna raye. Mu shida."

"Madalla. Ka ga maganinku ya ci."

"Enid, da na san..."

"Ni ma da na sani. Sau ɗaya tak na taɓa yi masa ƙarya, yallaɓai, kuma don in tsare ransa na yi." Ta tura masa kofin. "Sha, kada ya huce."