Baƙon da Na'ibi Ya Ba Ruwa

Duk wanda ya zauna unguwar Nuzla a shekarun da kuɗin fetur suka fara shigowa Jidda ya san Na'ibi mai ciyawa. Wallahi ba mugu ba ne. Daga Sudan ya zo, da gyatumarsa, da matarsa Barakatu, da 'yarsu ɗaya tilo, Mastura. Ya ga manyan gidaje na tashi a unguwar Bagdadiyya, kowa na son koren fili a ƙofarsa, sai ya sayi lauje da mesa ya ce shi ma ya samu sana'a. To amma ƙasar Jidda gishiri ce. Ya shuka, ya yi ban ruwa, kwana goma ciyawa ta koma toka. Gida uku suka sallame shi.

Ranar da na ukun ya ce masa "halas, yalla," bai nufi gida ba. Da rana tsaka, lokacin da ko kare ya nemi inuwa, ya je wajen wani boka, Ubale, can bayan gari. Bukkar langa-langa ce, amma cikinta sanyi kamar rijiya. Ƙahonin raguna a rataye, ga baƙar ƙwarya cike da ruwan da ba ya motsi. A ƙasa kuwa, kan busasshen yashi, ciyawa ce kore shar.

"Ita kake so," in ji Ubale, ko ɗagowa bai yi ba.

"Ita, Baba. Amma ni ba na zub da jini, ko na kaza."

"Wa ya tambaye ka jini? Ciyawa ruwa take sha. Akwai randa a gidanka?"

"Akwai."

"Su wa ke sha?"

"Iyalina."

Ubale ya tsigo saiwa guda ya miƙa masa. "Ka dasa. Kowace Juma'a da safe, kafin kowa ya sa moɗa a randar, ka ɗebi na farko ka ba ta."

"In na ce na daina fa?"

"Kai Bahaushe ne. Ka taɓa ba baƙo ruwa da hannunka, sannan ka kore shi?"

Na'ibi ya miƙa hannu ya karɓa.

Cikin wata biyu, duk inda ya kai yankin ciyawar nan sai ta kama. Masu gidaje suka riƙa aiko masa da mota. Ya sayi injinan yanka, ya ɗauki ma'aikata, ya yi wa Barakatu awarwaron zinariya.

Gyatumarsa ce ta fara. "Na'ibi, ruwan nan ba ya sauka." Ta sha, ta sha, leɓɓanta na tsagewa. Da moɗa a hannu ta rasu. Bayan arba'in aka tarar da Barakatu tana lasar bangon ɗaki, tana kiran sunan kogin garinsu. Har yau ba ta dawo hayyacinta ba.

Sannan wata safiya Mastura ta ja masa riga. "Abba, ƙishi."

Ya fasa randar. Ya ɗauko zamzam daga Makka. Malamai suka yi tofi, likita ya duba ya ce bai ga komai ba. Ya je filin da ya dasa saiwar farko, ya zuba gishiri da kananzir, ya cinna wuta. Washegari ciyawar ta fi jiya kore.

Ya ruga wajen Ubale. Ciyawa ta cinye bukkar har rufi, bokan na kwance ya bushe kamar kilishi.

"Baba, 'yata ce! Ka karɓi abinka!"

Da ƙyar muryar ta fito. "Ni ma baƙona ne. Na ba ka ne don ya bar ni, bai bar ni ba. Ya riga ya san hanyar gidanka, ba ya jiran moɗa."

Ranar Juma'a Mastura ta cika, kanta a cinyar ubanta, yana ɗiga mata ruwa da auduga. Maƙabartar yashi ce fetal, ko ƙaya ba ta fitowa. Kwana uku da binne ta, kabarinta ya yi kore.

Na'ibi na nan, ba inji, ba ma'aikata. Kullum yana tsugune a gefen kabarin yana tsigewa da yatsu, tana sake tsirowa.

Jama'a, ku ji tsoron Allah, ku haƙura da busasshiyar ƙasarku. Abin da boka ya ce moɗa ɗaya zai sha, sai ya shanye gidan duka.