Zagayen Tumun Fari

A wani zamani, a wani ƙaramin gari, duk damina in gero ya nuna sai a yi zagayen gari. Tsohuwar da ta fi kowa shekaru ce ke gaba, riƙe da tumun fari, wato zangarniyar geron da aka fara gasawa. In ta taka, a taka. In ta tsaya, a tsaya.

Wata shekara aka yi baƙi daga birni. Sarkin Samari ya ce wa tsohuwar, "Iya, koma baya. Tafiyarki za ta gajiyar da baƙi." Ya karɓe tumun, ya sa makaɗa suka ƙara wuta.

Wata mai tuyar ƙosai tana bakin hanya tana kallo. Maƙera suka wuce da gudu, marina suka wuce da gudu. Can sai ga tsohuwa ita kaɗai, tana dogara sanda.

Ran mai ƙosai ya ɓaci. Ta miƙe ta ce, "Matar da ta yanke wa rabin garin nan cibiya, yau ita ce abin ɓoyewa?"

Ta bar ƙosanta a wuta, ta bi bayan tsohuwar. In ta taka, ta taka. In ta tsaya, ta tsaya. 'Yan kallo suka bi sahu, har makaɗa suka sulale suka dawo.

Sarkin Samari ya isa dandali shi kaɗai, ya ɗaga tumu a gaban baƙi. Wani baƙo ya ce, "Ɗan samari, matsa gefe, ka tare mana zagayen."