Bututun da Alhaji Barau Ya Zaɓa

Ran kasuwar Dungas, bayan azahar, aka zo komisariya, ofishin 'yan sanda, aka ce Alhaji Barau, dillalin waken nan na Magariya, ya ƙi tashi daga barci.

Sufeto Abdul Razak ya tarar da motar a gindin darbejiya, jama'a sun zagaye ta, kowa ya zama likita. Alhaji na kwance a kujerar baya, hula a kan fuska, ba rauni ba jini. Majo, babban ma'aikacin asibiti, ya duba shi ya ce ya cika, hayaƙin mota ne. Gilasai a rufe, kilim na hura sanyi, hayaƙi ya bi ta ƙasa ya cika ciki.

Direban, Naziru, yana tsugune yana kuka, kukan da ya fi hawaye yawa.

"Kana ina ya mutu?"

"Masallaci, Shef. Al'adarsa ce, in ya ci abinci in kunna masa kilim ya kwanta."

"Ta taɓa shigo da hayaƙi?"

"Ko sau ɗaya. Sai da Sule mai walda ya canza mata bututun hayaƙi satin jiya."

Sufeto ya kwanta cikin rairayi ya leƙa ƙarƙashin motar. Bai san kan inji ba, amma ya san baƙi da fari. Bututun baƙi ne ƙirin.

Washegari da safe 'yan sandan Magariya suka kawo Sule, riga a yage. Da ƙyar suka ƙwace shi daga hannun dangin mamacin. Sharifu, ƙanen Alhaji, ya biyo su da mutum kusan talatin, suka cika ƙofar komisariya.

"Ku ba mu shi, ko ku tura shi kurkuku yau!" in ji Sharifu.

Kwamishina ya dubi taron, ya dubi 'yan sandansa huɗu kacal, ya ce wa Sufeto, "Kana da daga nan zuwa azahar. In ba ka kawo wani ba, sunan Sule zan rubuta."

Sufeto ya zaunar da Sule, ya miƙa masa ruwa.

"Wane bututu ka canza?"

"Na farko, Shef, wanda ke fitowa daga turbo, can jikin inji, ya gangara ƙasa. Nan ne wuta ta fi zafi. Tsohon ya tsage a wuya."

"Kai ka zaɓi sabon?"

"Ni? Uku na shimfiɗa masa a ƙasa. Na ce ga na Sin, marar kauri, wata shida ya ruɓe. Ga na asali da aka cire daga wata mota, shiru kamar amarya, shi nake so ya ɗauka. Ga wani mai faɗin baki, farin ƙarfe, yana ƙara wa mota gudu, amma ƙararsa sai ta tada unguwa."

"Ya ɗauki wanne?"

"Mai ƙarar. Na ce Alhaji, da girmanka? Wannan na samari ne. Ya yi dariya, ya ce, 'Sule, ba gudu nake nema ba. So nake in motata ta fita gida, in ji ta ko ina can garin Bande.'"

Sufeto ya ajiye biro.

"Fari ka ce?"

"Kamar sabon faranti."

"Tsohon fa?"

"Alhaji ba ya zubar da ko ƙusa. Ya ce a sa masa a bayan mota."

A bakin kasuwa akwai wata tsohuwa, Iya Ikilima, mai ƙuli-ƙuli. Idonta ya tafi, ya bar mata kunne. Sufeto ya durƙusa ya gaishe ta.

"Iya, kin san motar Alhaji Barau?"

"Wa bai san ta ba? Waccan kasuwar da ta shigo, sai da jakin Mahamadu ya tsinke igiya, ya zubar mini da tire."

"Jiya fa?"

"Jiya ta shigo sumumu kamar mai bin bango. Sai wani tari-tari take a ƙasa, fis, fis. Na ce to, ita ma an yi mata aure."

"Kin tabbata ita ce?"

"Ɗan nan, shekaranjiya ma ta wuce. Ta tsaya nan, ta ɗebi mata 'yan biki zuwa Guci. Na ji Mas'uda, uwar bikin, na ciniki da direban, yana cewa su yi sauri."

"Alhaji na ciki?"

"Alhajin da ya kwana biyu a ƙauye yana awon wake? A kan amalanke ya shigo gari."

Sufeto ya sayi ƙuli-ƙuli, ya koma da sauri. Rana ta kusa tsaka, taron ya ƙaru, wani har ya ɗauko tabarya.

Ya sa aka kawo motar tsakar komisariya aka ɗaga ta, ya kira Sharifu ya tsaya kusa, ya kira Naziru. Sannan ya ce a fito da Sule.

"Shiga ƙasa ka gaya mana abin da ka gani."

Sule ya shiga. Can sai muryarsa ta fito.

"Wannan ba nawa ba ne! Tsohon ne!"

"Ƙarya yake!" in ji Naziru.

Sule ya fito riƙe da wani abu, ya ɗora a tafin Sufeto. Gwangwanin tumatir ne da aka fasa aka naɗe, ya ƙone ya huje, da guntun waya a jiki.

"Da wannan aka toshe tsagar," in ji Sule. "Ba mai gyaran mota da zai yi haka kusa da turbo. Rabin awa ya cinye shi."

Sufeto ya juya wayar a hannu. Shekara takwas yana hawan babur, ya san ta.

"Wayar kuloci ce, ta babur. Naziru, kafin Alhaji ya ɗauke ka, me kake yi?"



Sharifu ne ya amsa, a hankali. "Kabu-kabu yake yi."

Sufeto ya juya ga Naziru. "Haka kuke ɗaure bututun babur in ya fashe, ko? Gwangwani da waya. Buɗe bayan motar."

Makulli ya suɓuce wa Naziru ya faɗi. Wani ɗan sanda ya ɗauka ya buɗe. A ƙarƙashin buhunan wofi ga tabarma a naɗe. Aka warware ta, farin bututu ya haska ido.

Naziru ya zauna a ƙasa.

"Shef, wallahi ban yi nufin komai ba. In Alhaji ya yi tafiya nakan ɗauki fasinja. Tunda aka sa wancan, ko ƙofa na fita sai an kira shi an gaya masa. Na ce bari in mayar da tsohon kwana uku, kafin ya dawo in sake."

"Sai?"

"Sai ya kira ni kwana ɗaya kafin lokaci, ya ce in same shi kasuwa."

"Bai ji motar ta yi shiru ba?"

"Na riga shi zuwa, na ƙure rediyo. Da ya shiga ya ce, 'Yau 'yar tawa ta yi ladabi.' Na ce don tana tsaye ne." Ya rufe fuska. "A babur shekara nawa muna ɗaurewa haka, hayaƙi na bin iska. Ban san a mota mutum yake bi ba."

Mai tabarya ya sulale ta baya, kamar dama sakwara ya zo kirɓawa.

Aka sa wa Naziru ankwa, aka shige da shi ciki.

Sharifu ya matso wurin Sule, ya kasa haɗa ido da shi.

"Malam Sule, ka yafe mana."

Sule ya duba yagaggiyar rigarsa, ya duba farin bututun a kan tabarma.

"Na ce masa ya ɗauki mai shirun," in ji shi.

Daga masallacin kasuwa aka kira azahar.