Gawon da Ya Zubar da Ganye

Wata yarinya ce a garin Isa, tana aji biyar. Da aka yi hutun damina, aka kai ta Tozai wurin kakanninta, Malam Abdulgani da Inna Habi.

Ruwa ya kwana uku yana sauka. Itacen girki duk ya jiƙe. Inna Habi tana hura wuta, hayaƙi yana sa ta hawaye.

Yarinyar ta ce, "Inna, za ni in samo miki busasshen icce."

Inna Habi ta ce, "A ina, 'yar birni? Zauna kawai."

Ba ta zauna ba. Ta tuna da wani itace da ta gani a gonar kakanta. Ko'ina kore shar, shi kaɗai ba ganye ko ɗaya, sai rassa da ƙaya. A ranta ta ce ai wannan ya mutu.

Ta ɗauki ƙaramin gatari ta fita, ba ta gaya wa kowa ba.

Itacen bai fi cinyar babban mutum kauri ba. Ta sara nan, ta zagaya ta sara can. Ɓawo yana ta zuba. Can ta lura cikinsa ɗanye ne, har da danshi. Ta tsaya, gatari a hannu.

"Aje gatarin nan!"

Malam Abdulgani ne, da fartanya a kafaɗa. Ya durƙusa ya shafa wurin. An ɓare ɓawon kusan zagaye, sai ɗan gefe ɗaya. Ya auna da hannunsa.

Ya ce, "Yatsa huɗu sunka rage. Mi ya kai ki?"

Ta ce, "Baba Tsoho, na ɗauka matacce ne."

"Gawo ne. Da damina yake zubar da ganye. Da rani ya tsiro sabo. Shekara shida ina tsaron shi daga awaki. Ashe akuyar tana gidana."

Ta fashe da kuka. Bai rarrashe ta ba. Ya ce, "Tashi ki duba geron da ke ƙarƙashinsa."

Ta duba. Geron wurin ya fi ta tsawo, ganyensa kore har ya yi duhu. Na can nesa kuwa gajere ne, ya yi ruwan ɗorawa.

"Tona ƙasa."

Ta sa yatsu ta tona. Ƙasar baƙa ce, mai laushi, cike da ruɓaɓɓen ganye. Ga tana tana motsi.

Ya ce, "Ganyen da kike nema ke nan. Ya sha rana duk rani, ya faɗo, ruwa ya ruɓar da shi, gero ya ci. Tuwon da kinka ci jiya daga nan ya hito. Gonar ga ta gaji. Inda gawon ga yake ne kawai take ba mu abin kirki."

Ta ce, "To zai mutu?"

"Abincinsa ta ɓawo yake bi ya sauka ga saiwa. Kin toshe hanya, saura 'yar kaɗan. Allah ya sani. Sai an yanke gero mu gani."

Ya aike ta rugar Badaru, makiyayin da ke sauka a gonar kowace shekara. Ta ɗebo ɗanyen kashin shanu a tsohuwar tasa, tana toshe hanci.

Badaru ya yi dariya. "Yau 'yar boko ce da kashin shanuna? Riƙe da kyau, ba a zubar da shi banza."

Ta kwaɓa shi da laka, da hannunta. Ta shafe raunin, kakanta ya ɗaure da tsumma. Kullum da safe sai ta je ta duba. In ruwa ya wanke, ta sake shafawa. Haka har hutu ya ƙare. Gawo bai nuna komai ba.

A makaranta abin yana ranta. Ran nan malaminsu ya zana rana da itace da saniya da ƙasa a allo, ya haɗa su da kibiya, zagaye. Ya ce, "In an cire ɗaya, me zai faru?"

Ta ce a hankali, "Tuwo zai ragu, Malam."

'Yan aji suka yi dariya. Malam ya ce, "Ku bar dariya. Ita ce ta ba da amsa."

Bayan an yanke gero, wata Asabar babanta ya ɗauke ta a babur zuwa Tozai. Ko zama ba ta yi ba, ta gaishe da Inna Habi a tsaye, ta ruga gona.

Gonar duk ta bushe, sai kara. Daga nesa ta hango abu kore guda ɗaya a tsakiya. Ta tsaya. Ta sake dubawa. Gawo ne, ya cika da sabon ganye.

Shanun Badaru suna kwance a 'yar inuwarsa suna tuƙa. Ƙasa duk kashinsu. Malam Abdulgani yana zaune a gefe.

Ta yi ajiyar zuciya, ta zauna a ƙasa. "Alhamdulillahi! Baba Tsoho, bai mutu ba!"

Ya ce, "Na gani. Ina da ido."

Ta je ta taɓa wurin saran. Sabon ɓawo ya fara rufowa daga gefe da gefe.

Badaru ya ce, "Nan gaba zai yi 'ya'ya, shanuna su ci, su bar muku taki. Har iri suna shuka muku a cikin kashin."

Kakanta ya nuna wani ɗan tsiro mai ƙaya kusa da ƙafarta. "Ga ƙanensa nan. Naki ne. Ki tsare shi daga awaki."

Ta ce, "Har da mai ƙafa biyu?"

Tsohon ya kau da kai don kada ta ga murmushinsa.

Tun daga ranar ba ta ƙara taɓa abin da ba ta sani ba sai ta tambaya. Ta gane cewa a gona ba abin da ke zaune shi kaɗai. Rana da ruwa da itace da dabba da ƙasa, kowa yana ciyar da wani. Wanda ya sari ɗaya, abincinsa ya sara.