Tukunyar da Ke Farkon Labari

An yi wata tsohuwa mai ba jikarta labari. Kullum takan fara da cewa, "Wata tsohuwa ta ji ƙarfinta na ƙarewa, sai ta binne tukunyar irin gero a gindin..."

Sai jikar ta katse ta. "Kaka, ki bar zancen tukunya, ki kai ni ƙarshe."

"'Yar nan, ba a banza na sa ta ba."

"Ki kai ni ƙarshe."

Da bazara tsohuwa ta rasu. Ruwa ya sauka, kowa ya fita shuka, rumbun gidan tsohuwar kuwa ba ko ƙwaya. Jikar ta haƙa gindin tsamiya, ta haƙa gindin kuka, har shuka ta wuce.

Ƙarshen labarin kam ta haddace shi. Sunan bishiyar ne ba ta taɓa bari an faɗa ba.